Neman Tafinta da Mai Fassara a Kafanchan da Kudancin Kaduna

Kudancin Jihar Kaduna yana daga cikin yankunan Nijeriya da harsuna suka fi cunkoso. Ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu suka zama mazaɓar sanata ta kudu, wato Jama'a, Jaba, Kachia, Kagarko, Kauru, Kaura, Sanga da Zangon Kataf, kuma wanda ya tashi daga Kafanchan a mota da hantsi zai iya ratsa ƙasar harsuna huɗu ko biyar kafin azahar. Atyap na Zangon Kataf suna da Tyap, Bajju na Zonkwa suna da Jju, Ham na Kwoi da Nok suna da Hyam. Ga Nikyob da Gwong a Jama'a, ga Ninzo da Numana a Sanga, ga Adara a Kachia, ga Koro da Gbagyi a Kagarko, ga Bakulu da Anghan, ga kuma Fulani makiyaya da Fulatancinsu, musamman a Ladduga. A cikin Kafanchan kanta akwai Fantswam, tare da Hausawa, Ibo, Yarabawa da sauran al'ummomin da sarauta, kasuwa da jirgin ƙasa suka tara.

A wuri irin wannan mutum zai zaci aikin tafinta sana'a ce mai ofis da allo a bakin titi. Ba haka abin yake ba. Masu iya aikin suna nan, wasunsu ma ƙwararru ne, amma a warwatse suke cikin majami'u, fadoji, makarantu, kotuna da gidajen rediyo, kuma yawancinsu da wani aiki daban aka san su. Mai nema sai ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya kuma san yadda zai gwada wanda aka turo masa.

Yadda Hausa ta shiga tsakani

Yawancin harsunan yankin masana sun sa su a rukunin da suke kira harsunan Filato, wanda reshe ne na babban gidan Binuwai-Kwango. Wasu na wajen Kauru da Lere, kamar Kurama, 'yan rukunin Kainji ne. Hausa kuwa daga gidan harsunan Cadi ta fito, ba ta haɗa kaka da ko ɗayansu ba. Zaman tare ne ya mai da ita harshen da Bajju da Ham, ko Ninzo da Adara, suke haɗuwa a kansa.

Fatake ne suka fara share mata hanya, da zangunan da suka kafa a kan hanyoyin ciniki, irin wanda ya bar sunansa a Zangon Kataf. A farkon ƙarni na 19 aka kafa masarautar Jama'a a ƙarƙashin Zazzau. Da Turawan Ingila suka zo a farkon ƙarni na 20, Hausa suka koya, a kanta ake yi wa jami'ansu jarrabawa, da ita kuma suka yi mulki ta hannun hakimai, malamai da masinjoji. Maganar Bature takan sauka a Hausa, sannan wani ya sake juya ta zuwa Gworok na Kagoro ko Hyam. Amsar talaka ma ta wannan doguwar hanya take komawa. Abin da ya salwanta a tsakani, da gangan ko da kuskure, ba mai bin sawunsa. Masanin tarihi Moses Ochonu ya wallafa littafi a 2014 a kan yadda mulkin mallaka a tsakiyar Nijeriya ya dogara da irin waɗannan wakilai masu magana da Hausa. Ba abin mamaki ba ne idan har yau dattijo ya ƙi sakin jiki da tafintan da ba shi ya zaɓe shi ba.

Jirgin ƙasa ya ƙara wa abin ƙarfi. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal, inda hanya ɗaya ke wucewa Kaduna, ɗaya kuma ta hau Jos, sannan a 1933 fadar Jama'a ta dawo garin. 'Yan mishan ma da Hausa suka yi yawancin aikinsu. Mishan ɗin SIM, wadda ta haifi cocin ECWA, ta zauna a Kwoi tun 1910, daga baya ta buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Kagoro. Da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, sai ya zama littafin karatun gidaje masu yawa, waƙoƙin sujada ma na Hausa ne. Ta ɓangaren gwamnati kuwa, Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita daga Zariya a 1939, da azuzuwan yaƙi da jahilci na shekarun 1950, duk ƙarfinsu ga Hausa ya tafi. Aka wayi gari da jama'ar da suka iya karatu da rubutu da Hausa da Turanci, amma harshen da aka haife su da shi a baki kawai suka san shi.

Inda Hausar kasuwa ba ta isa

Daga nan ne maganar da ake yawan ji ta samo asali: ai kowa a kudancin Kaduna yana jin Hausa, tafinta na me? Maganar tana da gaskiya a kasuwar citta da tashar mota. Amma Hausar ciniki daban, Hausar da mutum zai kare kansa da ita a gaban alƙali daban. Tsohuwar da ke sayar da gauta da Hausa ba lallai ne ta iya bayyana inda iyakar gonar mijinta ta tsaya, da yadda aka ba da aronta, da abin da al'ada ta ce a kan gadonta, in ba da harshenta ba. Akwai kuma kishiyar wannan. Matasan da suka tashi a Kaduna ko Abuja, waɗanda Turanci da Hausa suka fi zama a bakinsu, in sun zo gida zaman sulhu ko maganar aure sai an juya musu abin da dattawa suka faɗa.

Kotu ce wurin da doka ta fi fayyace batun. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi cikin harshen da yake fahimta, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, shi ma cikin harshen da yake fahimta. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi irin tata a 2017, ta tanadi cewa idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ne zai rubuta bayaninsa, ya karanta masa, sannan ya sa sunansa da adireshinsa a jikin takardar. Manyan kotunan ƙasar sun daɗe da tsayawa a kan cewa bayanin amsa laifi da aka ɗauka ta bakin tafinta ba ya karɓuwa sai an kira tafintan ya ba da shaida, domin wanda ya rubuta bai ji maganar daga bakin mai ita ba. Haka nan dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba ta ɗora wa wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda, kamar yarjejeniyar sayar da fili, nauyin sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar an karanta masa an kuma yi masa bayani kafin ya dangwala yatsa.

Doka ta ce harshen da mutum yake fahimta, ba ta ce Hausa ba. Amma da Turanci manyan kotuna suke aiki, kuma tafintan da ya fi samuwa a cikinsu na Turanci da Hausa ne. Idan mai shaida Ninzo kawai ya iya sosai, sai dai a nemo mutum na biyu a rantsar da shi, maganar ta bi ta bakuna biyu kafin ta kai biron alƙali. Kotunan gargajiya da na shari'a da Jihar Kaduna ta kafa a 2001 sun fi kusa da jama'a, duk da haka rikicin gona ko gado tsakanin mutanen ƙabila biyu yakan buƙaci wanda ya san kalmomin al'adar kowane ɓangare. Lauyan da ya san aikinsa tun kafin ranar zama yake sanar da rajistara cewa mai shaidarsa zai buƙaci tafinta, ya kuma faɗi harshen.

A asibiti babu rantsuwa, babu rajistara. A babban asibitin Kafanchan, wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, da sauran asibitocin yankin, ma'aikata da yawa 'yan ƙasa ne, saboda haka akan samu nas ko unguwarzoma da ke jin harshen majiyyaci. In ba a samu ba, ɗan rakiya ne ke zama tafinta. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma macen da surukinta ne ya kawo ta, ko ɗanta saurayi, ba za ta faɗi abin da ke damunta a mara ta bakinsa ba. Shi ma ɗan rakiyar yakan rage zafin maganar likita don tausayi, ko ya amsa a madadin majiyyaci ba tare da ya tambaye shi ba. Idan maganar tiyata ce, ko sakamakon gwajin da ya shafi sirri, ya fi dacewa a nemi ma'aikacin lafiya mai jin harshen, mace ga mace in da hali, ko da za a ɗan jira.

Noma ma ya nuna buƙatar. Lokacin da annoba ta faɗa wa citta a daminar 2023, ta ruɓar da gonaki a Kachia, Jaba, Kagarko da Jama'a, bayanin yadda ake gane cutar da yadda ake tsaftace iri ya zama abin da kowane manomi ke son ji. Umarnin da ke jikin kwalbar magani da Turanci yake, kuma kuskure kaɗan a yawan murfin da za a zuba a tankin feshi ya isa ya jawo hasara. Sai kuma zaman sulhu. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Sanga, Kachia, Kaura, Zangon Kataf da Jama'a suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, da taimakon wata cibiyar sasanta rikici mai mazauni a Janiba. Takarda irin wannan ba ta aiki sai abin da ke cikinta ya isa ƙauye da ruga cikin harshen da ake yin fushi da shi.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Abu na farko shi ne mai nema ya san wanne yake so a cikin biyu. Tafinta da baki yake aiki, nan take, a gaban mutane. Jarinsa kunne ne da saurin tunani da riƙe magana. Mai fassara da rubutu yake aiki, yana da lokacin tuntuɓa da gyara, amma dole ya san ƙa'idojin rubutun harshen. A kudancin Kaduna na farko ya fi na biyu yawa nesa ba kusa ba. Mutum zai iya zama gwanin juya wa'azi a gaban taro, a miƙa masa biro ya kasa rubuta layi biyu da wani zai iya karantawa.

Majami'a ce babbar makarantar tafintoci a yankin. Duk Lahadi ana juya wa'azi daga Turanci zuwa Hausa, wani lokaci zuwa harshen gari, a ECWA da Katolika da Angilika da Baftis da sauransu. Fastoci, masu bishara, katikis da shugabannin zumuntar mata sun saba da tsayawa gaban jama'a, kuma ofisoshin gundumomin ikilisiya sun san wanda ya iya. Haka masu wa'azi a masallatai da wuraren tafsiri sun saba da juya Larabci zuwa Hausa ko Fulatanci. Sai dai salon wa'azi yana da ƙari da ado, abin da kotu da asibiti ba sa so.

Ta fuskar rubutu kuwa, mafi yawan waɗanda suka samu horo na gaske ta hanyar fassarar Littafi Mai Tsarki suka same shi. Sabon Alkawari na Jju ya fito a 1982, bayan aikin shekaru da masana harshe Norris da Carol McKinney suka yi tare da 'yan ƙasa. Na Tyap ya fito a 2015. Ƙungiyar fassara Littafi Mai Tsarki ta NBTT mai hedikwata a Jos, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke jagorantar yawancin irin wannan aiki a yankin, kuma kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru tana da sashen koyar da ilimin harshe da fassara. Duk inda aka yi wannan aiki akan bar kwamitin harshe, da littattafan koyon karatu, da mutanen da suka kwashe shekaru suna gardama a kan yadda za a rubuta sauti guda. Wanda ke son a fassara masa takardar wayar da kai a kan rigakafi ko zaɓe, wajen waɗannan ya kamata ya fara zuwa, ko da aikinsa bai shafi addini ba.

Fada ita ce ƙofa ta uku. Masarautun yankin, irin na Agwatyap, Agwam Bajju, Kpop Ham da Sarkin Jama'a, suna da sakatarori, hakimai da dagatai da kullum suke tsakanin Turancin gwamnati da harshen talakawa. Su ne suka fi sanin kalmomin ƙasa, gado, aure da sarauta. A wajen makiyaya kuma arɗo ne ke nuna wanda za a yarda da shi. Ga mai bincike ko ma'aikacin ƙungiyar agaji, bi ta fada ladabi ne da ba a tsallakewa. Amma idan maganar ta shafi rikicin da fadar ke da hannu a ciki, tafintanta ba zai zama ɗan ba-ruwanmu ba.

Sauran wuraren sun haɗa da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da sassan nazarin harsuna na jami'o'in Jos da Zariya, inda ake samun malamai da ɗaliban da suka yi bincike a kan harsunansu. Gidajen rediyon Kafanchan suna da masu gabatar da shirye-shirye da suka saba da juya labarai cikin gaggawa. Ƙungiyoyin ci gaban al'umma, kamar na Atyap da na Bajju, sun san tsofaffin malaman makaranta da suka yi ritaya, waɗanda sau da yawa su ne suka fi kowa haɗa Turanci mai kyau da harshen gida mai zurfi. Akwai kuma sabon jini: tun 2022 Tyap take da Wikipedia tata, kuma masu rubutu a cikinta sun riga sun yi ta fama da yadda za a faɗi abubuwan kimiyya da na zamani cikin harshen. A matakin ƙasa akwai cibiyar masu fassara da tafintoci ta NITI, amma ba a can aka fi sa ran samun mai Hyam ko Nikyob ba.

Na'ura ba ta kai nan ba tukuna. Google Translate ta ɗauki Hausa tun 2013, a 2024 kuma ta ƙara harsuna 110 da suka haɗa da Fulatanci, Kanuri da Tibi, amma babu Tyap, Jju ko Hyam a cikinsu.

Gwada wanda aka samu

Tambaya ta farko ita ce sunan harshen, kuma a nan baƙo kan yi tuntuɓe. Sunayen da Hausa ta saba da su, irin su Katab, Kaje, Jaba, Kadara, Kaninkon da Kagoma, su ne ke cikin tsofaffin takardun gwamnati, amma da yawa daga masu su sun fi son a kira su da sunan da suke kiran kansu. Wanda ya buga sanarwa yana neman mai fassarar Kajanci maimakon Jju ya riga ya ɓata wa rabin waɗanda yake nema rai.

Bayan suna sai karin harshe. Masana suna lissafa Gworok na Kagoro, Sholyio na Manchok, Takad, Tyecarak da Fantswam a matsayin 'yan ɗaki ɗaya da Tyap na Zangon Kataf. Masu su suna fahimtar juna, amma kowace al'umma tana da sarautarta, tana kuma ji da nata bakin. Saƙon rediyo da aka ɗauka da karin Zangon Kataf za a gane shi a Kagoro, sai dai za a ji cewa ba na gida ba ne. Jju 'yar'uwar Tyap ce ta kusa, duk da haka harshe ne mai zaman kansa, ba a ɗaukar ɗaya a madadin ɗaya. Saboda haka ba ya isa a tambayi mutum ko yana jin harshen. A tambaye shi inda ya tashi, da inda masu sauraro suke.

Gwaji mafi sauƙi ga mai fassara shi ne a ba shi sakin layi ɗaya ya juya, sannan a kai wa wani da bai ga asalin ba ya karanta da ƙarfi, ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa. Inda mai karatu ya tsaya yana kame-kame, ko dai rubutun ne ba ya bin ƙa'ida, ko kalmar ƙirƙirarriya ce da ba wanda ya san ta. Harsunan nan masu karin sauti ne, kuma suna da wasulan da haruffan Turanci ba su wadatar da su ba. Rubutun Tyap, alal misali, yana ja wa wasu wasula layi a ƙasa don bambanta su. Wannan layi yakan ɓace idan takarda ta ratsa ta kwamfutar da ba ta da irin haruffan, saboda haka mai fassara ya ga samfurin ƙarshe kafin maɗaba'a ta buga. Kuma ya kamata a yi wa kai tambaya tun farko ko rubutu ne ma ya dace. Tunda waɗanda suka iya karanta harsunan ba su kai masu jin su yawa ba, saƙon murya da za a tura ta WhatsApp ko a sa a rediyo yakan fi takarda isa.

Ga tafinta, a duba ko yana faɗin abin da aka ce ne, ko yana taƙaitawa. Idan mai magana ya yi minti biyu, tafinta ya gama da kalma biyar, akwai abin da ya faɗi a hanya. Idan kuma tafinta ya shiga doguwar hira da mai shaida kafin ya juyo, ya zama mai ba da shawara. A tambayi dangantakarsa da ɓangarorin biyu, domin a ƙauye kowa ɗan'uwan wani ne. A gaya masa batun tun da wuri, ya shirya kalmomi. A taron yini guda a ɗauki mutum biyu su riƙa karɓar juna, don aikin yana cin ƙwaƙwalwa. A kuma yi maganar kuɗi tun farko: tafinta da yini ake biyansa, har da kuɗin mota, mai fassara kuma da shafi ko da yawan kalmomi. Al'adar sallamar tafinta da Allah ya saka da alheri tana cikin abin da ya hana aikin zama sana'a.

Misalin ƙasar Bask

Akwai wani yanki a Turai da ya taɓa zama cikin hali mai kama da wannan. Harshen Bask, wanda masu shi ke kira Euskara, ana yin sa a arewacin Sifaniya da kudu maso yammacin Faransa, kuma ba ya da dangantaka da Sifaniyanci ko Faransanci. Masu jin sa wajen dubu 800 ne, kuma kusan dukkansu suna jin harshen ƙasar da suke ciki, saboda haka su ma an daɗe ana ce musu fassara ba ta da amfani. Ɗaya daga cikin manyan rubuce-rubucensu na farko fassarar Sabon Alkawari ce da Joanes Leizarraga ya yi a 1571. Karin harshensu ya bambanta daga kwari zuwa kwari, kuma a zamanin mulkin Janar Franco, daga 1939 zuwa 1975, an kore harshen daga makaranta da ofis.

Abin da suka yi a jere yake. Hukumar harshensu, Euskaltzaindia, wadda ta fara aiki a 1919, ta aza tubalin daidaitaccen rubutu a taron Arantzazu na 1968. Dokar cin gashin kai ta 1979 ta mai da Bask harshen hukuma tare da Sifaniyanci a yankin, dokar 1982 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin hulɗa da gwamnati cikin wanda ya zaɓa. Nan take buƙatar masu fassara ta taso. Aka buɗe makarantar horar da su a Martutene cikin birnin Donostia a 1980, suka kafa ƙungiyarsu mai suna EIZIE a 1987, jami'ar yankin ta fara ba da digiri a fassara da aikin tafinta a 2000, sannan a 2009 gwamnatin yankin ta tsara yadda ake tantance rantsattsun masu fassara. Akwai ofishin fassara na gwamnati, akwai taskar kalmomin fannoni mai suna Euskalterm, kuma tun 2019 akwai na'urar fassara ta gwamnati da kowa ke amfani da ita kyauta. Wanda ke son a juya masa takardar haihuwa ko kwangila daga Sifaniyanci zuwa Bask a yau, jerin sunaye yake dubawa.

Kwatancin yana da iyaka. Bask harshe ɗaya ne a yanki mai arziki, da majalisa da baitulmalinsa. Kudancin Kaduna harsuna ne da dama, kuma babu ɗayansu da ke da matsayin harshen hukuma, ko da yake sashe na 97 na tsarin mulki ya bar wa majalisar jiha ikon amincewa da yin aiki da wani harshen jihar bayan Turanci. Ba kuma za a ce Hausa ta ja da baya ba, domin ita ce gadar da kowa ke bi. Amma tsarin da Bask suka bi, daga daidaita rubutu zuwa horo zuwa jerin sunayen waɗanda aka tantance, matakai biyu na ƙarshensa ba sa buƙatar sabuwar doka.

Harsuna da dama na yankin sun riga sun samu ƙa'idojin rubutu da mutanen da suka ƙware a kansu. Abin da ya rage shi ne gajeren horo a kan aikin tafinta a kotu da asibiti, wanda kwaleji irin ta Gidan Waya za ta iya ɗauka, da jerin sunayen masu iyawa, harshe bayan harshe, da karin da kowa yake yi da garin da yake zaune. Ƙungiyoyin ci gaban al'umma da kwamitocin harshe ne suka fi kowa sanin mutanen, su ya kamata su haɗa jerin, su ajiye kwafi a wajen rajistaran kotu, da ofishin 'yan sanda, da babban asibitin kowace ƙaramar hukuma.